Beatrix Farrand, Matar da Ta Fara Tambayar Ƙasa Kafin Ta Yi Zane



Yau, in Allah ya yarda, za mu ɗan jingine labaran mulki da na kasuwa, waɗanda suka saba cinye mana lokaci, mu juya ga wata sana'a wadda kowa ke shan inuwarta amma kaɗan ne ke tambayar sunan mai ita, watau sana'ar tsara lambuna da filaye. Mai wannan sana'a shi ne wanda za a kai shi gaban fili, ko tudu ne ko gangare, ko jigawa ko fadama, ya tsaya ya yi nazari har ya ƙudurta inda hanya za ta bi, da inda ruwa zai gangara, da inda itace zai tsaya, sa'an nan ya hango da idon basira yadda wurin zai kasance bayan shekara 50, lokacin da shi kansa watakila ƙasa ta rufe masa ido. A cikin waɗanda suka kafa harsashin wannan sana'a a ƙasar Amurka akwai wata mace guda, sunanta Beatrix Farrand, kuma tarihinta ne muke son mu warware yau, domin akwai fa'ida a cikinsa ga duk wanda aka taɓa danƙa wa amanar wani yanki na ƙasa, kome ƙanƙantarsa.

An haife ta a birnin Niyok ranar 19 ga watan Yuni na shekarar 1872, a wani gida na masu hali da asali, sunanta na gidan uba kuwa Beatrix Jones. Gwaggonta, ƙanwar mahaifinta, ita ce Edith Wharton, marubuciyar nan da ta zama mace ta farko da ta sami lambar Pulitzer ta ƙagaggun labarai a 1921, wadda ita ma ma'abuciyar son lambuna ce har ta yi littafi a kan na ƙasar Italiya. Iyayen Beatrix sun rabu tana yarinya, ta tashi a hannun mahaifiyarta, Mary Cadwalader Jones, mace mai son ilmi wadda falonta ya zama majalisar marubuta da masu fasaha. Idan zafi ya matsa a birni, sai iyalin su ƙaura zuwa wani gida nasu da ke bakin teku a garin Bar Harbor na jihar Maine, gidan da ake kira Reef Point, inda ƙasa duwatsu ce, iska mai gishiri ce, sanyi kuma ba ya sassauta wa tsiron da ba na wurin ba. A nan ne yarinyar ta fara tsugunawa tana haƙa ƙasa da hannunta, tana ciro tsirran daji tana dasawa kusa da gida, tana ganin wanda ya kama da wanda ya mutu, kuma wannan karatu na farko bai bar ta ba har ƙarshen rayuwarta.

Ya kamata mu fahimci irin zamanin da ta tashi a ciki, domin ba a sanin nauyin kaya sai an san tsawon hanyar da aka ɗauko shi. A wancan lokaci, 'yar manyan gida a Niyok abin da ake jira daga gare ta shi ne ta iya ado da karɓar baƙi, ta yi aure a gidan da ya dace, kuma ana ganin aibi ne babba a ce ta yi aiki an biya ta lada kamar ɗan ƙwadago. Matan Amurka ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a a faɗin ƙasar ba sai 1920. Makarantar koyon tsara filaye kuwa babu ita sam, ga maza balle mata, har sai da jami'ar Harvard ta buɗe sashenta a 1900, shi ma bai karɓi mata ba sai 1942. Beatrix tana da murya mai daɗi, har an yi zaton waƙa za ta bi, amma zuciyarta ta karkata ga ƙasa da tsiro, alhali babu wata ƙofa da aka tanada domin irinta.

Da yake Allah ba ya rufe ƙofa ya bar bawa a tsaye, sai ya haɗa ta da wani babban malamin itatuwa, Charles Sprague Sargent, shugaban farko na gandun nazarin itatuwa na Arnold da ke Boston, gandun da aka kafa a shekarar da aka haife ta. Wajen 1893 ta tare a gidan wannan malami, tare da iyalinsa, ta yi zaman almajiranci irin wanda muka sani, na ɗaukar karatu baki da baki, da bin malami duk inda ya sa ƙafa. Ya koya mata sunan kowane itace da ɗabi'arsa, da irin ƙasar da yake so, da girman da zai kai in ya shekara 30. Ta koyi awon fili da kafa turaku, daga baya kuma ta nemi malamai daga jami'ar Columbia suka koya mata zanen taswira da lissafin tudu da gangare. Amma a cikin dukkan abin da ta kwasa daga wurin Sargent, nasiha guda ce ta zama mata alƙibla, ita ce mai tsara lambu ya daidaita zanensa da yadda ya tarar da ƙasa, kada ya murɗe ƙasa domin ta bi zanensa. Jama'a, ku riƙe wannan magana, domin ita ce zaren da za mu bi har ƙarshen sharhin nan.

Malamin ya kuma umarce ta da ta yi tafiya ta gani da idonta, tun da tafiya mabuɗin ilmi ce. A 1895 ta tashi tare da mahaifiyarta, suka taka Aljeriya, suka ratsa Italiya da Jamus da Ingila da Faransa, tana shiga lambunan sarakuna da na attajirai da littafin rubutu a hannu, tana rubuta abin da ya yi kyau da dalilin kyansa, da abin da ya ɓaci da dalilin ɓacinsa. A Italiya ta ga yadda magabata suka sassaƙa gefen tudu suka mai da shi hawa-hawa kamar ɗakuna marasa rufi. A Ingila ta ziyarci Gertrude Jekyll, wata dattijuwa da ta fara da zanen fenti, da idonta ya raunana sai ta koma jera furanni bisa launi, tana tafiyar da su daga mai sanyi zuwa mai zafi kamar yadda marini ke sarrafa baba. Beatrix ta dawo gida da taska a ka, kuma ba ta dawo da niyyar kwaikwayon kowa ba, domin ta riga ta gane cewa abin da ya yi albarka a ƙasar Italiya mai rana zai iya zama asara a duwatsun Maine.

Bayan dawowarta ta buɗe ofis a saman benen gidan mahaifiyarta a Niyok, ta fara da ƙananan ayyuka a gidajen dangi da abokan arziki, kuma ba a rasa masu cewa wasa ne na 'yar masu kuɗi, gobe za ta gaji ta bari. Amsar da ta ba su ita ce aiki. A watan Janairu na 1899, lokacin da mutum 11 suka taru a Niyok suka kafa ƙungiyar masu tsara filaye ta Amurka, wadda har yau ita ce uwar sana'ar a can, Beatrix tana cikinsu, tana da shekara 26, kuma ita kaɗai ce mace. Abokan sana'arta sun zaɓar wa kansu laƙabi mai nauyi wanda suka aro daga masu zanen gine-gine. Ita kuwa, duk da tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, har ta mutu ta fi son a kira ta mai lambu. Wannan tawali'u ne, haƙiƙa, amma akwai hujja ta ilmi a ƙarƙashinsa: magini yana aiki da dutse da ƙarfe waɗanda za su zauna inda ya ajiye su, mai lambu kuwa yana aiki da abu mai rai, wanda ke girma, ya tsufa, ya mutu, saboda haka ba ya da ikon ya ce ya gama.

Daga nan sunanta ya yi ta bunƙasa, har a 1913 uwargidan shugaban ƙasa, Ellen Wilson, ta kira ta ta tsara lambu a gabashin fadar White House, ko da yake an sake masa fasali daga baya. A wannan shekara kuma ta auri Max Farrand, shehin malamin tarihi a jami'ar Yale, tana da shekara 41, kuma auren bai tsayar da aikinta ba. Ko da aka naɗa mijin shugaban ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya a 1927, sai ta riƙa ratsa faɗin Amurka a jirgin ƙasa, tafiyar kwanaki, tana duba ayyukanta na gabas. Ofishinta kuwa mata ne suka fi yawa a cikinsa, masu zane da masu lissafi, waɗanda wasunsu, kamar Ruth Havey, suka zama gwanaye masu cin gashin kansu.

To, bari mu matsa kusa mu ga yadda take aiki, domin gani ya kori ji. Daga 1912 zuwa 1943, shekara 31 ke nan, ita ce mai ba jami'ar Princeton shawara a kan harabarta, ta kuma yi wa Yale irin wannan hidima fiye da shekara 20, ta yi wa jami'ar Shikago ma aiki. Abin da ta fara lura da shi a jami'a shi ne lokacin da furanni suka fi yin ado, watau tsakiyar lokacin zafi, ɗalibai duk sun tafi hutu, babu mai gani. Saboda haka ta zaɓi itatuwan da ke fure a farkon shekarar tsiro, da waɗanda ganyensu ke rinewa ja da rawaya a lokacin kaka, da waɗanda ko dusar ƙanƙara ta sauka suna nan kore ko suna ɗauke da 'ya'ya. Ta lura kuma cewa tsakar gidajen kwanan ɗalibai ƙunci gare su, in an cika su da kurmi za a toshe haske daga tagogin masu karatu, a kuma hana samari wurin kai da kawowa. Sai ta riƙa dasa itatuwa a jikin bango, ana ɗaure rassansu tun suna ɗanye ana miƙar da su a kan dutsen ginin, har itace ya zama kamar zanen da aka yi wa bango, tsakar gida kuwa ta zauna fayau. An ruwaito cewa kafin ta shimfiɗa hanya takan jira ta ga inda sawun ɗalibai ya kashe ciyawa, sa'an nan ta sa a bi nan da dutse, domin ƙafar mutum ta fi takardar zane sanin gajeriyar hanya. Ta kuma sa jami'o'in suka kafa gandun renon dashe nasu na kansu, don kada su riƙa zubar da kuɗi wajen sayen abin da za su iya rainonsa. Duk wannan, in kun duba, nasihar Sargent ce aka faɗaɗa: ƙasa ta haɗa har da mutanen da ke takawa a kanta, da lokutan zuwansu, da ƙarfin aljihunsu.

Amma aikin da ya zama kambin rayuwarta shi ne lambun Dumbarton Oaks, a unguwar Georgetown ta birnin Washinton. A 1920 wani jami'in jakadanci mai suna Robert Woods Bliss da matarsa Mildred suka sayi wani tsohon gida a kan tudu, da fili wanda ya kai eka 53, ƙasa mai gangare ƙwarai wadda ke zubewa daga gindin gidan zuwa wata ƙorama a cikin kwari. Wani mai gaggawa da ya kawo injuna ya baje tudun, ya cike kwarin, ya sami shimfiɗaɗɗen fili ya zana abin da ya ga dama. Beatrix, da aka kira ta a 1921, sai ta yi ta zagaya wurin a ƙafa, cikin rana da cikin ruwa, tana duban inda haske ke faɗowa da safe da inda inuwa ke kwanciya da la'asar, tana ƙidaya tsofaffin itatuwan da ta tarar, waɗanda ta ƙudurta cewa zane ne zai kauce musu. Daga nan ta yanka gangaren hawa-hawa, kowane hawa ya zama kamar ɗaki mai katangarsa da ƙofarsa da halinsa: kusa da gida tsari mai tsauri, na dutse sassaƙaƙƙe da shinge askakke, ƙasa kaɗan farfajiyar furen wardi, can gaba gonar itatuwan marmari da ta kayan miya, sa'an nan, sannu a hankali, hannun mutum ya riƙa janyewa, har mai tafiya ya tsinci kansa a cikin kurmi a bakin ƙorama bai san inda lambu ya ƙare daji ya fara ba.

Beatrix da Mildred Bliss zani ce ta tadda mu je mu. Da yake an tura mijin Mildred jakadanci ƙasar Suwidin daga 1923, daga nan kuma Ajantina daga 1927 zuwa 1933, yawancin shawarar da matan nan biyu suka yi ta wasiƙa ce, takarda na ƙetare teku da zane a ciki, amsa na dawowa bayan makonni. Kuma ba a gina kome da ka. In za a yi ƙofar ƙarfe, ko dakalin zama, ko tulun ado a kan ginshiƙi, sai an fara sa kafinta ya yi kwatankwacinsa da katako daidai girmansa, a kafa shi a wurin, a dube shi daga nesa da kusa, a ɗaga shi ko a rage masa tsawo, sai ido ya natsu tukuna a kira maƙeri ko mai sassaƙar dutse. Hatta matakala tana da ƙa'ida a wurinta: in da hali, kada a jera taki fiye da 6 ba tare da an sa wurin tsayawa ba, inda mai hawa zai huta, ya sami abin zama ko abin kallo, don kada hawan tudu ya zama azaba ga tsoho ko mai rauni. Ku dubi wannan, jama'a, mace tana zana lambun attajirai amma tana lissafi da gwiwar dattijon da ba a haife shi ba tukuna. Aikin ya ci fiye da shekara 20, kuma mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

A 1940 iyalin Bliss suka yi kyautar gidan da lambunan da ke kewaye da shi ga jami'ar Harvard, suka ba gwamnati eka 27 na ɓangaren ƙorama ya zama wurin shaƙatawar jama'a. Beatrix ta san cewa abin da gida guda ya riƙe da yalwar ma'aikata, hukuma ba za ta iya riƙe shi haka ba, sai ta zauna daga 1941 ta rubuta wa masu zuwa littafi, wanda ba a buga shi ba sai 1980, tana bin lambun sashe-sashe, tana faɗin abin da aka dasa, da maƙasudin dasa shi, da abin da za a sa a madadinsa in ya mutu ko ya gagari kulawa. Wannan wasiyya ce ta mai sana'a wadda ta san cewa ita mai wucewa ce. A cikin wannan gida ne kuma, daga watan Agusta zuwa Oktoba na 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wakilan Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyat da Sin suka zauna suka tsara daftarin da aka gina Majalisar Ɗinkin Duniya a kansa. Ashe inuwar da mai lambu ta tanada har masu neman sulhun duniya sun sha ta.

Sauran ayyukanta za mu ambace su a taƙaice, domin sun haura 100, kuma da yawansu zamani ya shafe su. A jihar Maine ta tsara wa Abby Rockefeller lambu mai katanga da ƙofa zagayayya irin ta ƙasar Sin, ta kuma taimaki mijin Abby, John D. Rockefeller ƙarami, wajen zaɓen itatuwan da aka dasa a gefen hanyoyin keken doki na gandun Acadia, inda ta nace a kan tsirran da asalinsu na wurin ne, har baƙo ya ɗauka ba hannun mutum a ciki. A Ingila ta yi aiki a Dartington Hall cikin shekarun 1930. Lambun wardi da ta zana wa gandun tsirrai na Niyok a 1916 kuwa, ƙarancin ƙarfe na lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya hana a kammala shi, sai a 1988 aka ɗauko zanenta aka gina shi, shekara 29 bayan mutuwarta.

Yanzu mun zo ga babin da ya fi taɓa zuciya. Burin Beatrix da mijinta shi ne su mai da Reef Point, gidan ƙuruciyarta, makarantar nazarin tsirrai, kuma a 1939 suka kafa masa hukumar amintattu. Ta tara littattafai fiye da 2,000, da busassun samfuran tsirrai, kowanne da sunansa da inda aka samo shi; a 1948 ma ta sayi zane-zanen Gertrude Jekyll, dattijuwar nan da ta ziyarta tana budurwa, ta cece su daga watsewa. Amma mijinta ya rigaya ya mutu a 1945, gobara mai girma ta cinye sashe babba na Bar Harbor a 1947, garin ya sauya, kuɗin riƙe wurin bai kai ba, ƙwararrun masu lambu sun yi wuyar samu, kuma wurin ya yi nisa da jami'o'in da ɗalibai za su fito. Da ta auna duk wannan da ma'aunin gaskiya, a 1955, tana da shekara sama da 80, sai ta yanke hukuncin da ya girgiza masoyanta: ta sa aka rushe gidan, aka sayar da filin, ta aika da littattafai da zane-zane da samfuran tsirrai zuwa jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ake koyar da sana'ar kuma ɗalibai za su amfana. Wani mutumin yankin mai suna Charles Savage, da taimakon kuɗin Rockefeller, ya kwashe da yawa daga cikin itatuwan ya dasa su a lambunan Asticou da Thuya, waɗanda har yau ake ziyarta.

Mutane da yawa sun ga wannan kamar yanke ƙauna, kuma ba za mu ce babu ɗaci a cikinsa ba, domin babu wanda zai tumɓuke abin da ya raina shekara 70 zuciyarsa ba ta yi ciwo ba. Amma a ganinmu nasihar malaminta ce ta bi har ƙarshe. Ta dubi halin da ake ciki kamar yadda ta saba duban tudu da kwari, ta ga ba zai ɗauki zanen da ke ranta ba, sai ta sauya zanen, ta fifita a raba amanar ga waɗanda za su iya riƙe ta a kan a bar ta ta lalace da sunanta a rubuce a ƙofa. Ta koma wani ɗan gida da ta gina a jikin gidan Lewis da Amy Garland, mutanen da suka daɗe suna yi mata hidima, ta yi ɗan ƙaramin lambu a ƙofar ɗakinta da tsirran da ta fi ƙauna, kuma a nan ta cika a ƙarshen watan Fabrairu na 1959, tana da shekara 86.

Jama'a masu sauraro, mene ne rabonmu a cikin wannan tarihi? Na farko, lambu ilmi ne, kuma inuwa aba ce da ake tsarawa tun kafin a aza tubalin farko. Sau nawa muke ganin an gina makaranta ko asibiti ko kasuwa, an fara da sare duk itacen da aka tarar, an baje ƙasa, an toshe hanyar da ruwa ya saba bi tun kaka da kakanni, sa'an nan damina ta zo ta karɓi hanyarta da ƙarfi, rani ya zo yara su rasa inda za su fake? Manominmu ya san bambancin jigawa da fadama, ya san dalilin da ya sa ake barin gawo a tsakiyar gona, ya san darajar tsamiya da ɗorawa da kuka. Wannan sani shi ne irin wanda Beatrix Farrand ta ɗaukaka har ya zama sana'a mai martaba, kuma abin kunya ne mai zane ya zo da takarda daga ofis bai tambayi ƙasa ba, bai tambayi mutanenta ba.

Na biyu, ga iyaye. Wannan mace ta sami uwa da ta tsaya mata, da malami da ya buɗe mata ƙofar gidansa, a zamanin da jami'a ta rufe mata tata, kuma amfanin wannan tarbiyya ya kai ga dubban ɗaliban da suka yi karatu a inuwar itatuwanta ba su san sunanta ba. In Allah ya ba ku 'ya mai basira, wadda hankalinta ya karkata ga tsiro, ko awo, ko zane, ku taimake ta ta nemi ilminsa cikin mutunci, domin ba ku san iyakar alherin da zai fito ta hannunta ba.

Na uku, malamanmu sun sha karantar da mu falalar dasa itace, da ladan da ke gudana ga mai shi muddin mutum ko dabba ko tsuntsu na amfana. Sai dai dashe rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ban ruwa, da kariya daga awaki, da barin bayani ga wanda zai gaje ka, kamar yadda wannan mata ta zauna ta rubuta wa magadanta dalilin kowane itace. Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu, da masu unguwanni, da hukumomin tsara birane, da kowane maigida mai ɗan fili a ƙofar gidansa: kafin ku sare, ku tsaya ku duba, kafin ku zana, ku zagaya filin da ƙafarku, in kun dasa kuma, ku naɗa wanda zai kula.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar ƙasar da ya ba mu aro, ya sa mu bar wa na baya inuwa.